Bututun da Ban Wanke Ba

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa muka dawo muka zauna a kan tabarmi a ƙofar gidansa da ke Jakara, na ji yabo iri-iri wanda shi bai taɓa ji da kunnensa ba. Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya rasu da hantsin Talata bayan jinyar wata biyu, kafin La'asar an gama komai. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa, wannan babu mai ja. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne bakin mutane.

Kanikawa sun zo daga Ƙofar Mazugal, wasu da baƙin mai a farcensu. Wani babba a cikinsu ya ɗaga hannu yana cewa, "Wallahi an yi rashi. Irin hannun Malam ya ƙare a garin nan." Na dube shi na kau da kai. Shekara huɗu rabon da ya aika wa Kawu aiki ko guda ɗaya, alhali garejinsa da shagon Kawu ko mai ɗingishi zai taka. Wani mai sayar da tsofaffin kayan mota na Beljiyam, wanda ya sha yi wa Kawu dariya a bayan idonsa, har da goge ido da bakin riga. Mutum ɗaya ce na yarda da hawayenta, wata malamar makaranta daga Ƙofar Mata. Ta tsaya daga nesa ta yi mana gaisuwa, ta ce ba ta san kowa a gidan ba, shi kaɗai ta sani, sannan ta shige wajen mata.

Can sai ga Baffa, ƙanin mahaifina, babban ɗan kasuwa a Kurmi. Aka matsa masa wuri. Da aka shafa addu'a sai ya gyara murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam. Mutumin kirki ne, sai dai a ƙarshe hannu ya gaji, ido ya yi rauni. Abin da ya shiga tsakanina da shi kuwa, ku zama shaida, na yafe masa duniya da lahira."

Jama'a suka ɗauka, "Allah ya saka da alheri, Alhaji."

Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Laifin da Baffa ya yafe wa Kawu a gaban mutane ba na Kawu ba ne. Nawa ne. Kawu ya sani, ni na sani, kuma ya shiga kabari da sunan wanda ya ɓata aiki saboda na kasa buɗe baki. Dalilin wannan rubutun ke nan.

Ni bakanike ne, aikina sauke giyabos na motoci masu otomatik da mayar da shi. Kawu kuwa abu ɗaya ya riƙe a cikin motar gaba ɗaya, wato kwambata. Wanda bai taɓa ganinta ba, ya ɗauka ƙwarya biyu ce ta ƙarfe aka kifa ɗaya a kan ɗaya aka liƙe bakin da walda. Tana zaune tsakanin inji da giyabos, cike da man giya. A cikinta akwai fanka biyu suna fuskantar juna: inji ya juya ɗaya, ita kuma ta watsa mai a kan ɗayar, ta haka ƙarfin inji ke isa taya ba tare da direba ya taka kuloci ba. Idan ta fara lalacewa, mota ta riƙa karkarwa a kan titi mai kyau, ko ka taka totur inji ya yi ta ihu mota na jan ƙafa. Yawancinmu idan muka ga haka sai mu cire ta mu jefar, mu sayo tsohuwa ta Beljiyam mu ɗaura, mu yi addu'a. Kawu ba ya jefarwa. Yankawa yake yi.

Yana da injin yankan ƙarfe mai juyawa a shagonsa, tsoho, ya girme ni. Zai ɗaura kwambatar ya bi layin waldar a hankali har ta rabu biyu, ya jera kayan cikin a kan farin ƙyalle, ya zauna yana kallonsu kamar mai duba shinkafa kafin ya saya. Ya canza boris, ya canza sil mai hana yoyon mai, ya kankare fatar kulocin cikinta da ta ƙone ya manna sabuwa. Sannan ya haɗa ya yi walda tana juyawa, ya sa alli ya gwada ko tana rawa, ya hura mata iska ya tsoma ta a baho ya jira. Idan kumfa ɗaya ta taso, ko mai motar na tsaye a kansa yana duba agogo, sai ya sake daga farko.

Ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba, kada yabon makoki ya ruɗe ku. Yana da baƙar magana, kuma ba ya tsoron rawani ko babbar riga. Idan mai mota ya fara yi masa bayani da Turanci, sai ya bari ya gama tas, sannan ya ce, "To, Alhaji, mun ji naka. Bari mu ji na man." Ya zaro ma'aunin mai ya shinshina, ya goga a farin ƙyalle ya ɗaga wa rana. Ja mai haske, lafiya. Ruwan ƙasa mai ƙauri, an makara. Mai ƙyalli-ƙyalli kuwa, ƙarfe ne ke cin ƙarfe a ciki. Ni yana kirana Injiniya, don tsiya, tun ranar da na sayo na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ya karɓa ya jujjuya ya ce, "Tana da hanci?" Na ce a'a. Ya miƙo mini abata.

Malamar nan da ta zo gaisuwa, na san labarinta don ina wurin. Motarta na karkarwa, wurare biyu sun ce sai an sauke giyabos gaba ɗaya. Ta zo shagon Kawu fuskarta duk ta faɗa, don da motar take kai mahaifiyarta asibiti. Kawu ya shinshina man ya ce, "Malama, wa ya zuba miki wannan?" Ashe wani ne a bakin hanya ya ƙara mata man da ba na motar ba. Ya sa aka zubar aka zuba na ainihi, ya ce ta yi yawon sati ta dawo a sake, haka har sau uku. Karkarwar ta tafi, ko noti ɗaya ba a kwance ba. Na ce masa, "Kawu, aiki ya zo har gida ka kore shi." Ya harare ni ya ce, "Lafiyayyen abu zan yanka don in nuna na iya yanka?"

Doka biyu yake kafa wa duk bakaniken da ya zo karɓar kwambata a hannunsa, kuma sai ya maimaita ko ka ji sau ɗari. Ta farko, ka zuba mata mai kafin ka ɗaura, ka tura kana juyawa har ka ji ta faɗa sau uku. Ta biyu, wadda ya fi tsanantawa, ka wanke bututun da ke kai man giya lagireto ya huce ya dawo. Dalilinsa a fili yake. Lokacin da kwambatar ke mutuwa, garin ƙarfen da ta zubar yana maƙalewa a cikin bututun nan. Idan ka ɗaura gyararriya ba ka wanke ba, mai zai kwaso dattin ya dawo da shi cikinta ya cinye ta. Yakan ce, "Ka sa fetur, ka sa iska, ka tara farin ƙyalle a ɗaya bakin. Sai ƙyallen ya fito fari za ka ce ka gama."

Shekara huɗu da suka wuce, ban daɗe da buɗe garejin kaina ba, Baffa ya kawo mini motarsa. Kwambata ce. Ya ce a sa masa ta Beljiyam. Ni ne na ce a kai wa Kawu, don na san abin da zai fito daga hannunsa ya fi wadda ba a san tarihinta ba. Kawu ya yi kwana biyu a kanta. Da na je ɗauka ya ce, "Injiniya, bututu." Na ce, "Na sani, Kawu."

Ranar Juma'a ce, babu wuta tun safe, injin iskana a kwance. Baffa ya kira ni ya fi sau biyar, yana son motarsa kafin masallaci. Na zuba fetur kaɗan a bututun na hura da baki, wani baƙin ruwa ya fito, na sake hurawa sau ɗaya. Ban tara ƙyalle ba. Na ce a raina ai ya isa, tsoho ne dai da yawan ƙa'ida. Na ɗaura, na gwada, mota ta tafi sumul, Baffa ya sa mini albarka.

Sati biyu bayan haka surukin Baffa, mahaifin matarsa, ya rasu a Gaya da safe, aka sa jana'iza bayan Azahar. Baffa ya ɗauki matarsa suka kama hanya. Suna wuce Wudil mota ta fara ƙauri, inji na ihu taya ba ta juyawa, ta tsaya cak. Kafin su samu wata motar su isa, an riga an rufe shi. Matar Baffa ba ta ga fuskar mahaifinta ba.

Aka jawo motar garejina. Da na sauke na ga launin man, na sha jinin jikina. Baffa na tsaye a kaina idonsa jajur, ya ce, "Me ya lalace?"

Na ce, "Kwambatar ce ta ƙone, Baffa."

Ban yi ƙarya ba, ita ce ta ƙone. Amma na san abin da ya ƙona ta, na haɗiye. Baffa ya sa aka jefa masa ita a buhu, ya nufi masallacin unguwar su Kawu, ni ina biye da shi kamar raƙumi da akala. Ana fitowa daga La'asar ya zazzage buhun a gaban Kawu, ƙarfen ya daki ƙasa mai ya fallatsa a kan takalman mutane.

"Malam, ga bokitinka! Na ce a sa mini ta Beljiyam, aka ce kai ne gwani. An binne surukina ina tsaye a bakin titi ina fifita da hula. Wannan wace irin mugunta ce?"

Kawu ya ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, Allah ya jiƙan mamaci. Bari in buɗe in gani."

"Ka buɗe me? Ka ƙara liƙewa ka ba wani ya je ya mutu a hanya? Jama'a, ku ji da kyau. Duk mai son motarsa da ransa, ya nisanci shagon mutumin nan!"

Ya yi masa tatas a gaban liman da maƙwabta da tsofaffin da suka taso tare. Kawu ya sunkuya, mutum mai furfura, ya mayar da ƙarfen cikin buhu ya saɓa a kafaɗa ya tafi. Ina tsaye a bayan Baffa, bakina a rufe.

Washegari da safe sai ga shi a garejina. Bai yi mini sallamar wasa ba. Ya wuce wajen motar, ya zare bututun, ya zuba fetur, ya tara farin ƙyallensa. Abin da ya fito baƙi ƙirin ne, yana ƙyalli. Ya shimfiɗa ƙyallen a kan bonet ya kira ni.

"Na yanka ta jiya. Waldata ba ta yoyo, boris ɗin da na sa garin ƙarfe ne ya cinye shi. Ga inda garin ya fito."

Na ce, "Kawu, babu wuta ranar, kuma Baffa yana ta..."

Ya ɗaga mini hannu. "Ban tambaye ka ba. Ka saurare ni. Kai ɗan ƙanwata ne, yanzu ka fara, uwarka da kai ta dogara. Ni ba zan tona ka ba. Amma sunana ne aka zubar a ƙofar masallaci. In za a gyara, kai za ka je ka faɗa da bakinka."

Na ce, "Zan faɗa, Kawu. Bari ya ɗan huce."

Ya ce, "To." Ya naɗe ƙyallensa ya tafi.

Wanda bai san cikin birni ba ba zai gane saurin magana a lungunanmu ba. Kafin sati ya zagayo, labari ya kai Kurmi ya dawo da ƙari: wai tsohon nan ido ya mutu, wai motoci uku ya kashe. Kanikawan da suka san gaskiyar hannunsa, waɗanda suka ci abinci da aikinsa shekara da shekaru, ko ɗaya bai ce a tsaya a bincika ba. Sayo ta Beljiyam ya fi musu sauƙi dama, yanzu sun samu hujja. Shago ya koma shiru. Duk da haka kullum da safe sai ya buɗe, ya goge injinsa ya ɗiga masa mai, ya zauna a benci. Daga baya ya koma liƙe ƙafar kujera da murhun gawayi, mutumin da ake kawo wa aiki daga garuruwa.

Ni kuwa garejina sai cika yake. Baffa ya riƙa turo mini abokansa, yana cewa ni ɗan wansa ni ne na gano ɓarnar. Kowace mota da ta shigo ta hannunsa sai ta ƙara ɗaure mini harshe. Kullum ina da dalili: yau Baffa ba shi da lafiya, gobe azumi ya kusa, jibi ai maganar ta tsufa, tayar da ita fitina ce. Na koma kai wa Kawu buhun shinkafa da azumi, shadda da salla. Yakan karɓa ya yi godiya, ya tambayi mahaifiyata da yara. Sau ɗaya tak ya taɓo zancen, a shekara ta biyu, ina shirin tashi. Ya ce, "Injiniya, har yanzu Alhaji bai huce ba?" Na ce, "Ana nan ana lallaɓawa, Kawu." Na tashi na fita.

A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, na je duba shi kai tsaye daga wurin aiki. Ya rame har na tsorata. Ya kama hannuna ya kai hancinsa, ya yi ɗan murmushi ya ce, "Man nan ya ƙone. Motar wa ka sauke?" Muka yi dariya. Ya riƙe hannun bai saki ba, yana kallona. Na ce masa Allah ya ƙara sauƙi, zan dawo gobe. Ban koma ba, aiki ya yi yawa.

Ranar sadakar uku, da aka watse, na bi Baffa har bakin motarsa. Na ce ina da magana. Na faɗa masa komai, Juma'ar da babu wuta, hurawar baki, ƙyallen da Kawu ya shimfiɗa a kan bonet. Ya jujjuya makullin motar a hannunsa.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baffa."

Ya waiga ya ga babu mai jin mu, ya rage murya. "To, ya wuce. Wanda aka yi wa ya tafi. Kada in ƙara jin wannan maganar a bakinka, kana da iyali, kana da masu kawo maka aiki. Kai ma na yafe maka."

Na ce, "Ba yafiya na zo nema ba, Baffa. So nake ka je inda ka faɗi waccan maganar ka janye ta."

"In tsaya a ƙofar masallaci da girmana in ce na zalunci mamaci? Kana da hankali kuwa?" Ya shiga mota ya ɗaga gilashi.

Da La'asar na je masallacin ni kaɗai. Ana sallamewa na miƙe na nemi izinin liman, na faɗa. Na ce aikin Kawu lafiya ƙalau ya bar hannunsa, ni ne na ɓata, na bari aka ci mutuncinsa a nan ina tsaye. Na zaci za a zage ni, har na shirya wa hakan. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wani tsoho ya tambayi na kusa da shi wace mota ake nufi. Sauran suka ce Allah ya jiƙan Malam, kowa ya shiga neman takalminsa. Abin da na ji tsoro shekara huɗu bai ɗauki minti biyu ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa haƙurin da ya yi da mu ya zama nauyi a mizaninsa. Allah ya ba shi maƙwabtan da suka fi mu.

Daga masallaci na shiga gidan wajen matarsa, wadda muke kira Inna. Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu. Na durƙusa na fara ba ta labari, ban kai rabi ba ta tsayar da ni.

"Na sani tun ranar da ya dawo da ƙyallen. Na ce masa bari in sa mayafi in je wajen Alhaji da kaina, ya hana ni. Ya ce ka yi masa alkawari. Duk lokacin da na tayar da zancen sai ya ce, bar shi, ɗan ƙanwata ne, zai faɗa. Har a asibiti da ka fita na ce to ga shi ya zo ya tafi, ya ce ai ya ce gobe zai dawo."

Na ce, "Inna, na faɗa. Yanzu na fito daga masallaci, na faɗa a gaban kowa."

Ta dube ni, idonta a bushe. Sannan ta ce, "To, Kawunka bai yi ƙarya ba, ka faɗa. Shi ne dai bai ji ba."